Kakar da Aka Ɗauke Sabis

Bana ruwa ya yi tsawo. Har muka fara karyar masara sama ba ta daina zuba ba. Ƙasa na kama ƙafa, kara na ruɓewa a kwarin kunya. Warin jiƙaƙƙen karan nan shi ya dawo mini da waccan kakar. Ba na son tuna ta, amma hanci ba ya neman izini.

Sai kuma jita-jita ta shigo gari, wai za a sake ɗauke sabis. Wasu suka ce a'a, barin shi za a yi, sai dai hukuma ta riƙa sauraren wayar kowa, tana duba abin da kowa ke turawa. Bayan la'asar aka kafa gardama a gindin ɗorawar ƙofar masallaci. Gambo, sa'ana, wanda ya taɓa shugabantar 'yan sa-kanmu, shi ya fara.

"A ɗauke. In ba a ɗauke ba a duba ta kowa. Wanda ba shi da ɓoyo, mi zai tsorata?"

Malam Hudu, tsohon malamin firamare, ya ce, "Gambo, ɗakinka akwai kayan sata?"

"Babu."

"To don mi ka sa mashi ƙyaure?"

Aka yi dariya. Gambo bai yi ba.

"Ku 'yan boko baki gare ku. Wayar nan ita ke gaya wa ɓarayin daji wa ya sayar da sa, wa ya cika rumbu. Ga yara na ɗaukar gawa hoto suna watsa wa duniya, ɓarayi na kallo suna jin daɗi."

"Ba don hoton ba, wa ya san ana kashe mu? Na birni sai sun gani a waya suke yarda."

Wani ya juyo gare ni. "Mamman, kai ba ka ce komai ba."

Na ce, "Ina da masara a gona."

Gambo ya sunkuyar da kai. Malam Hudu ma. Duk sun san dalili.

Ina da ƙane, Sale. Uwa ɗaya uba ɗaya, gandu ɗaya muke nomawa a ƙauyenmu, kudu da Daudawa. Muna da shanun huɗa biyu. In an gama huɗa sai mu kai su rugar Buba, kamar yadda ubanmu ke kai nashi wurin uban Buba. Rugar na bakin daji. Duk wanda ya fito daga dajin a kan mashin, ta bayan garkenshi zai wuce. Shi ma ɓarayin ba su ƙyale shi ba, sun taɓa kore rabin shanunshi. Ya zauna ne don ba shi da wurin zuwa.

Wata rana mun kai shanu, ina riƙe da igiya, Buba ya ja Sale gefe, amma ina ji.

"Kai Kaɗo, ba ni lambarka. Magana ba zan yi ba, murya ana jin ta. Filashin zan riƙa yi. In ka ga ɗaya, lafiya. In ka ga biyu, ku bar gona."

Sale ya ce, "Ɗan Fulani, yaushe ka yi wayo haka?"

"Tun ranar da na fara kiwon shanun wawaye." Sai ya daina dariya. "A garinku akwai mai kai masu labari. Ban san shi ba, amma akwai. In maganar nan ta fita, ni gawa ne. Amana, Sale. Kai ma Mamman, na ga kunnenka."

Muka rantse.

Ni da Sale ba mu iya karatu ba. Ranar kasuwar Daudawa ya kai wayarshi, 'yar ƙarama mai tocila, wurin mai caji ya adana mashi lambar. Mai caji ya ce wane suna zai sa. Sale ba ya son ya ambaci Buba, sai ya ce, "Sa Na Daji." A ganinshi ya yi dabara. Shi ba da sunan yake gane ta ba, da ƙarshen lambar, akwai bakwai uku a jere kamar an jingina fartanya uku a bango.

Damina biyu abin yana aiki. Waya ta yi ƙara sau biyu, Sale ya yar da fartanya ya bi gonaki yana ihu. Maza su shige gari, mata su kwashi yara su faɗa kwazazzabo. Ɓarayi su iske wayam, su kori abin da suka samu su tafi. In aka tambaye shi yadda ya sani, ya ce jikinshi ya ba shi. Mutane suka sa mashi Sale Mai-Hanci. Tsofaffi mata na tsokanar matarshi Hinde, wai ta riƙa shafa wa hancin man shanu kada ya tsage.

Sai waccan shekarar.

Ƙarshen malka ne, gero ya fara sunkuyar da kai. An kwana ana ruwa. Da safe kowa ya duba waya, 'yan tsinkayen nan na sama sun ɓace. Muka ce tsawa ce ta taɓa ƙarfen sabis. Sai rediyo ta ce da gangan aka ɗauke, daga Kankara har Faskari har Sabuwa da sauransu, don a raba ɓarayi da masu ba su labari. Mutane suka ce madalla. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ce madalla. Kuma makonnin farko an sami sauƙi. Daji ya yi shiru.

Amma mu ma mun yi shiru. An rufe kasuwar dabbobi. An hana sayar da fetur a jarka, injin niƙa ya tsaya, mata suka koma turmi da dutsen niƙa har hannunsu ya yi kanta. Rumbu ya riga ya ga ƙasa. Da safe koko tsararo. Da rana tafasa da rama, gishirin ma a lakace. Yara na satar tumu a gona suna babbakewa, bakinsu baƙi ƙirin. Ƙanwarmu na aure a Yargoje, ba mu san tana raye ko ta mutu ba. Labari ya koma tafiya da ƙafa. In an yi rasuwa a garin da ke kusa, sai an yi sadakar uku kake ji.

Aiki muka mai da shi gayya, don ba mai iya zuwa gona shi kaɗai. Yau gonar wane, gobe ta wane. A yi asuba, a jira gari ya waye sosai, a fita tare, mutum ɗaya ya hau bishiya yana duba hanya. Kafin la'asar an dawo. Rana in ta fito bayan ruwa, ƙasa na huci kamar tukunya, riga na manne wa baya, ƙudaje na bin gumi.

Sale bai daina caja wayarshi da 'yar solar gidan mai unguwa ba. Ya ɗinka mata jakar fata ya rataya a ƙirji kamar laya. Muna cikin aiki sai ya ciro ya duba.

"Mi kake kallo? Ba komai cikinta."

"Sabo, Yaya."

Ya so ya je ruga su shirya wata alama da Buba. Ba hanya. 'Yan sa-kai sun kafa doka, ba zuwa ruga, ba sayen nono. Wanda aka gani ya nufi bakin daji, ba a tambayar shi dalili.

Akwai wani dutse ta hanyar Sabuwa, tafiyar hantsi daga garinmu. A ƙolinshi iska na kawo ɓurɓushin sabis daga ƙasar Kaduna. Masu 'ya'ya a ci-rani na hawa can su ɗaga waya sama suna halo, halo. Aka sa mashi Dutsen Halo. Ɓarayi ma suna da nasu duwatsun. Wannan daga baya muka gane.

Ranar Talata gayya ta faɗo gonar Gambo. Masara muke karya. Gonar na maƙwabtaka da wata ta dawa, dawar ta fi mutum tsawo. Da hantsi aka kawo kunu, mai gadi ya sauko daga kanya ya karɓi ludayi. Ba mu ji mashin ba. Ɓarayin sun kashe mashinansu tun daga nesa, suka ratso dawar da ƙafa.

Harbin farko ya sami Nasiru, babban ɗan Gambo, a maƙogwaro. Yana tsaye da zangarniyar masara a hannu. Ya zauna, sannan ya kwanta, bai saki masarar ba. Daga nan ban san lissafi ba. Kara na karyewa, mutane na faɗuwa. Na ji kamar an doke ni da taɓarya a cinya. Na faɗa kwarin kunya, ruwan taɓo ya shiga bakina. Wani ya faɗo a kaina, Idi mai aski ne, jininshi na bin wuyana da ɗumi. Na ƙi motsi. Wani ya zo ya tsaya kusa da kaina, ina ganin takalminshi na roba, ya sari Idi da adda don ya tabbata. Saran ya ratsa har kafaɗata. Ban yi tari ba.

Suka wuce cikin gari. Muna jin kukan mata. Hayaƙi ya tashi, rumbunan da aka fara zuba sabon gero ne ke ci. Ƙamshin tumu ya cika gari, ga yunwa, ga gawa. Har yau ba na cin tumu.

Sale ne ya janye Idi daga kaina. Ya yage rigarshi ya ɗaure mini cinya, ya goya ni kamar jariri.

"Yaya, kana da nauyi. Duk tafasar nan ina ka kai ta?"

Ba mai iya kiran kowa. Malam Hudu ya hau keke ya nufi Daudawa cikin taɓo. Kafin ya dawo da jami'ai an yi la'asar, wuta ta cinye abin da za ta ci. Muka jera gawawwaki a ƙofar masallaci, layin ya kai bakin rijiya. Kabari kana haƙa ruwa na tsattsafowa, sai an kwalfe da ƙwarya a sa mutum. An tafi da mata, cikinsu har da Lantana matar Gambo. Ba ta dawo ba.

Ranar sadakar uku Gambo ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Idonshi ja, bindiga a kafaɗa.

"Sun san gayya gonata take. Sun san duk maza na wuri ɗaya. Wani ya gaya masu. Kowa ya ajiye wayarshi a nan, maza da mata."

Gaskiya ya faɗa, wani ya gaya masu.

Aka ce Malam Hudu ya karanta, shi ne mai ido. Ya ƙi.

"Waya cikin mutum ce. Addini ma ya hana leƙen asirin mutane."

"Addini ya halatta harbe ɗana? Zauna ka karanta, Malam."

Ya zauna. Aka fara. An tono wani dattijo da ke kiran wata bazawara a Funtuwa. An tono wata mata da ke da waya mijinta bai sani ba. Mutane na dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Sai aka zo kan ta Sale.

Malam ya danna, ya tsaya.

Gambo ya ce, "Karanta."

"Na Daji."

Sale bai taɓa goge komai ba, bai san ana gogewa ba. Duk filashin na damina biyu na nan a jere. Malam na faɗin rana da wata, mutane na tunawa. Wannan ranar aka kore awakin gidan liman. Wannan ranar aka ƙone amalanken wane. Duk ranar da ɓarayi suka zo, Na Daji ya kira da safe.

Wani ya ce, "Ashe hancin a waya yake."

Gambo ya ce, "Wane ne Na Daji?"

Sale ya ce, "Mai zuma ne."

"Mai zuma ke kiranka duk ranar da za a kashe mutane?"

Gora ta sauka a bakinshi. Haƙora biyu suka faɗo kan tabarma, tsakanin wayoyi. Suka rufe shi da duka. Hinde na ihu ta bayan zana, mata na riƙe ta. Ni ina dogare da sanda, cinya na zubar da ruwa. Sale ya ɗago, ido ɗaya ya rufe, ya same ni da ɗayan. Ya girgiza kai.

"Yaya, amana."

Na san abin da yake nufi. Na kuma san mai kai labarin na cikin taron nan, tsaye, yana kallo. Na auna. Ɗaya jinina ne, yana gabana. Ɗayan yana nesa.

Na ce, "Buba ne. Buba na bakin daji, mai kiwon shanunmu. Ɗaya lafiya, biyu ku bar gona. Shi ke tsirar da ku damina biyu."

Gari duka ya ji. Sale ya tofar da jini.

"Ka kashe shi, Yaya."

Gambo ya ce, "Bafillace ya tsirar da mu? Ka nemi wata ƙaryar."

Baba mai unguwa ya ɗaga hannu. Tsoho ne. "Ba a yanke hukunci da kunne ɗaya. A kira mutumin, a saki murya kowa ya ji. Sale ya yi shiru, mu tambaye shi ma'anar ɗaya da biyu. In bakinsu ya zo ɗaya, shi ke nan."

Aka yarda. Ba sabis, sai Dutsen Halo.

Suka ɗaure Sale da igiyar shanu, tamu ce ma, daga zaurenmu aka ɗauko. Ni aka aza ni kan jaki. Rana ta buɗe, taɓo na tsotse takalma. Muka ratsa gonakin da ba a girbe ba, tsuntsaye na cin gero ba mai kora. Sale na tafiya yana tangaɗi. Da muka tsallaka rafi na roƙa a ba shi ruwa. Gambo da kanshi ya ɗebo da hula ya kafa mashi a baki. Wannan ma ban manta ba.

A ƙolin dutse Malam Hudu ya ɗaga wayar sama, yana juyawa gabas da yamma. Can ya ce tsinke ɗaya ya fito. Ya danna. Muka kasa kunne. Muryar macen nan ta cikin waya ta ce ba a samun lambar. Ya sake. Haka. Ya sake na uku.

Sai Malam ya sauke hannu, ya ce, "Mu muka hau dutse. Shi yana ruga. Ina zai sami sabis?"

Mu duka, da masu furfura, ba wanda ya yi wannan tunanin tun daga gida. Mun ɗauka in kai ka samu, kowa ya samu.

Baba mai unguwa ya ce to a koma, a tsare Sale, a miƙa shi ga hukuma su bincika. Gambo ya sauke bindiga daga kafaɗa ya dogara ta. Har wani ya fara sassauta igiyar.

Wayar ta yi ƙit a hannun Malam.

Saƙo ne, irin wanda kamfani ke turowa in an neme ka ba a samu ba. Yana can yana jira, sai da wayar ta shaƙi sabis ya faɗo. Malam ya saba karanta wa aji da ƙarfi. Bakinshi ya riga tunaninshi.

"Na Daji ya neme ka sau biyu. Ranar Talata da safe."

Na yi ihu. "Biyu! Biyu ku bar gona ke nan! Ya gan su, ya neme mu!"

Ba wanda ya ji biyu. Talata suka ji.

Gambo bai harba ba. Da gindin bindiga ya fara, a ƙeya. Sale ya durƙusa. Sauran suka zo da gora da adda. Na faɗo daga kan jaki ina jan ciki, wani ya take mini baya ya danne. Ina jin Sale ya fara kalmar shahada, ya kai rabi, ya sake farawa. Karo na uku bai fara ba. Baba mai unguwa na cewa ku bari, ku bari, kamar mai korar kaji. Malam Hudu na tsaye da waya a hannu, fitsari na bin ƙafar wandonshi.

Suka sauka suka bar mu. Malam ya taya ni aza shi kan jaki. Ni na tako da ƙafa har gida. Ɗingishin da nake yi yau ba na harsashi ba ne, na wannan tafiyar ne. Mu huɗu muka yi mashi salla, liman ya ce ba shi da lafiya. Hinde ta wanke jakar fatar, ta mai da wayar ciki, ta ba ni. Ba ta yi kuka a gabana ba.

Kwana biyar bayan nan, da tsakar rana, wata Bafillata ta fito daga cikin dawa a bakin gonarmu, tana jaye da shanu biyu. Namu ne. Dije ce, matar Buba. Mutane na aiki kusa, suka taru, har da Gambo. Ba ta gai da kowa ba. Ta ɗaure shanun a gindin kanya.

"Wane ne Mamman?"

Na ce ni ne.

"Ga amanarku. A kwazazzabo ya ɓoye su, shi ya sa ba a kore da su ba. Shekaranjiya ɓarayin suka zo. Suka ce sun ji shi ne hancin Haɓe. A gaban garke suka kwantar da shi, suka sa ni riƙe fitilar wayarshi ina haska masu, da rana tsaka, don wulaƙanci." Ta gyara zane. "Ranar Talata ya gan su tun da sassafe. Ya hau dutsen bayan ruga da gudu har ya fasa gwiwa. Sau biyu ya kira. Ya dawo yana cewa ba ta shiga, ba ta shiga."

Ta juya ta koma cikin dawa. Ba wanda ya tsai da ita.

Sabis babu, amma maganar da na yi a ƙofar mai unguwa ta isa daji cikin kwana biyu. Da ƙafa ta je.

Gambo ya zauna a taɓo, nan inda yake. Washegari na buɗe ƙyaure na same shi a ƙofar gida, ya ajiye bindiga a ƙasa tsakaninmu.

"Mamman, ga ni."

Na daɗe ina kallon bindigar. Na ce, "Dawar Sale ta kusa nuna. Ba hannu."

Shi ya yanke ta, shi ya ɗaure, shi ya kai rumbu. Kowace kaka tun daga nan haka yake yi. Bai ce in yafe ba, ban ce na yafe ba. Mai kai labarin kuwa ba a gano shi ba har yau. Sahu ɗaya muke salla. Shi ya sa Gambo bai daina cewa a duba wayar kowa ba. Yana ganin da an duba da kyau da an same shi, da ya san inda Lantana take. Ba na gardama da shi. Mutumin da muke nema ba ya buƙatar waya.

Sai da aka gama yankan dawa, sanyi ya fara, sannan sabis ya dawo. Wayoyi suka ɗauki kuka lokaci ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwan farko. A ranar muka ji muryar ƙanwarmu daga Yargoje. Tana raye. Ta ce a ba ta Sale.

Malam Hudu bai sake karanta wa kowa saƙo ba, ko takardar asibiti ce sai dai ka kai Daudawa. Wata rana ya zo gidana ya ce in kawo wayar. Ya kama yatsana ya aza.

"Danna nan. Sai nan. Sai ka ce e. Ya goge."

Ya sa na maimaita har na iya. Duk bokona ke nan a duniya.

Waɗanda suka ɗauke sabis, ban ce mugunta suka nufa ba. Kunnen ɓarawo suka so toshewa, suka haɗa da namu, shi kuma yana da dutse da mashin. Masu cewa a duba wayar kowa, na ga an duba. Lamba suka gani da rana da wata, duk daidai, ba ƙarya ko ɗaya. Abin da biyu ke nufi ne ba a rubuce ba.

Kwana huɗu bayan gardamar gindin ɗorawa, gayya ta faɗo gonar marayun Sale. Rana ta fito bayan ruwa, ƙasa na huci. Gambo na kunyar da ke kusa da tawa, muna karya muna jefawa a tsibi. Jakar fata na ƙirjina, cikin riga. Na ji ta yi rawa.

Na tsaya. Na ƙirga numfashi uku.

Ta sake.

Na juya baya, na ciro, na danna nan, sai nan, na ce e. Sannan na buɗe murya.

"Ku bar gona! Ku bar gona!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Maza suka zubar da buhu, aka aika gari mata su fita. Muka bi rafi muka shige kwazazzabo. Ba a jima ba muka ji mashina ta gabas. Sun iske masara da kunu a ƙwarya. Suka harba sama, suka cinna wa tsibi ɗaya wuta, ya ƙi ci don danshi. Suka wuce. Ba a rasa ko akuya ba.

Wanda ke rubuta mini wannan ya ɗaga alƙalami ya tambaye ni wa ya kira. Na ce ya rubuta abin da aka ba shi.

A cikin kwazazzabon Gambo na kusa da ni, ruwa har gwiwa, yana haki. Mutane sun matsu a bayanmu, kowa na ji. Ya kalle ni.

"Mamman, wa ya gaya maka?"

Na ce, "Hanci."

Idonshi ya sauka kan igiyar jakar a wuyana. Hannunshi ya taso daga ruwa, ya kai rabi. Ya tsaya. Sai ya kama wuyan rigata ya ja shi sama, ya rufe igiyar.

Ya juya ga mutane ya ce, "Gadon gidansu ne."